Tambayoyi da Amsoshi a kan Abinci na Asali da Girkin Gida, Domin Iyali da Dabbobin da ke Zaune da Su

Mene ne ake nufi idan aka ce abinci na asali?

Ana nufin abincin da ya iso tukunya ba tare da ya yi nisa da kamanninsa na farko ba, wato hatsi, wake, ƙwai, nama, kifi, madara, kayan lambu da 'ya'yan itatuwa, waɗanda idan mutum ya dube su zai iya faɗin daga inda suka fito. Wankewa da niƙawa da busarwa da daskararwa ba su fitar da abinci daga wannan rukuni, domin ba su sauya asalinsa ba. A shekarar 2009 Farfesa Carlos Monteiro da abokan aikinsa a Jami'ar Sao Paulo ta ƙasar Brazil suka gabatar da tsarin da daga baya aka san shi da sunan NOVA, wanda a yau yake kasa abinci gida huɗu: wanda ba a sarrafa ba ko aka sarrafa kaɗan, sai kayan haɗi irin su mai da gishiri da sukari, sai abincin da aka sarrafa ta hanya mai sauƙi kamar cuku da kifin gwangwani, sannan na huɗu, wanda masana'anta ta harhaɗa daga sinadarai da launi da ƙamshi na ƙirƙira, irin su lemon kwalba da alewa da taliyar leda mai dahuwa nan take. Rukuni na huɗun nan shi ne abin da ake son a rage. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce karanta jerin kayan haɗin da ke jikin leda ko kwalin: idan yawancin sunayen da ke wurin ba abubuwa ba ne da mai girki zai ajiye a kicin ɗinsa, to abin ya yi nisa da asalinsa.

Akwai hujjar da ta nuna cewa abincin masana'anta yana cutarwa, ko dai zance ne kawai?

Akwai, kuma mafi ƙarfinta gwaji ne da Kevin Hall ya jagoranta a Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka, wanda aka wallafa a 2019. An ajiye manya ashirin a cikin asibitin bincike na tsawon wata guda, aka ba kowanne abincin masana'anta na mako biyu da abinci na asali na mako biyu, bayan an daidaita yawan sukari da mai da gishiri da faiba (wato ɓangaren hatsi da ganye da jiki ba ya narkarwa) da ke cikin abin da ake ajiye musu, sannan aka bar kowa ya ci iya ƙoshinsa. A makonnin abincin masana'anta, sai aka ga suna cin ƙarin kalori kusan 500 a kowace rana, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya, a makonnin ɗaya abincin kuma suka sauke kusan wannan adadin. Mutum ashirin ba su da yawa, wannan gaskiya ne, amma abin lura shi ne babu wanda ya tilasta musu ci. Ana zaton dalilin shi ne abincin masana'antar mai laushi ne, yana wucewa da sauri, kafin ciki ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa ya cika an riga an zarce. Game da naman da aka sarrafa kuwa, irin su sosej da naman gwangwani, hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a 2015 cikin abubuwan da aka tabbatar suna haifar da ciwon daji na hanji, inda ta ƙiyasta cewa cin giram 50 a kullum yana ƙara haɗarin da kusan kashi 18 cikin ɗari.

Ke nan duk abin da ya fito daga gona kai tsaye ba shi da illa?

A'a, kuma a nan ne masu ɗokin abinci na asali suka fi yin tuntuɓe. Jan wake mai siffar ƙoda yana ɗauke da wani furotin mai guba wanda ke sa amai da gudawa cikin 'yan sa'o'i, kuma ba ya mutuwa sai an jiƙa waken, an zubar da ruwan jiƙon, sannan an tafasa shi da wuta mai ƙarfi na aƙalla minti goma. Dafa shi a hankali da ƙaramar wuta ba tare da ya tafasa ba bai wadatar ba. Dankalin da ya yi kore ko ya fara tsiro yana tara gubar solanin, don haka a yanke wurin da zurfi, idan koren ya yi yawa a zubar. Rogo mai ɗaci yana buƙatar ferewa da jiƙawa da dahuwa sosai saboda sinadarin da ke rikiɗewa ya zama gubar sayanaid. Gyaɗa da masara da suka yi fumfuna a wurin ajiya suna iya ɗaukar aflatoksin, gubar da ke lalata hanta, wadda kuma zafin girki na yau da kullum ba ya kawar da ita, saboda haka ba a wanke irin wannan hatsi a ce ya gyaru, kuma ba a tura wa dabba shi da sunan kada a yi asara. Hatta zuma, wadda kowa ke yabo, ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, domin tana iya ɗaukar ƙwayar cutar da ke shanye jijiyoyin jariri. Madarar da ba a tafasa ba ma tana iya yaɗa tarin fuka na shanu da wasu cututtukan. Kalmar "na asali" da aka buga a jikin kwali kuwa, a ƙasashe da yawa ba ta da tsayayyar ma'ana a doka, talla ce kawai.

Gishiri da sukari nawa ya kamata mutum ya ci a rana?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma wannan lissafin ya haɗa da gishirin da ke ɓoye cikin burodi da dunƙulen ɗanɗano da abincin gwangwani, ba wanda ake barbaɗawa kaɗai ba. Sukarin da ake ƙarawa, har da na zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse, kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin rana, wanda ga yawancin manya yake kusan giram 50, kuma ya fi kyau a tsaya a rabin haka. Kwalbar lemo ɗaya tana iya cinye mafi yawan wannan kason. A ɗaya ɓangaren, ana son a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kullum, ban da dankali da rogo. Wanda ya saba da gishiri mai yawa ya rage shi sannu a hankali, domin harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, kuma lemon tsami da albasa da citta da ganyaye masu ƙamshi suna cike gurbin da ya bari.

Ba ni da lokacin girki mai tsawo. Ta yaya iyali za su ci abincin gida kullum?

Abin da ke gajiyar da mai girki yawanci shi ne tunanin abin da za a dafa da shirya kayan, wutar kanta ba ta cin lokaci sosai. Saboda haka dabarar ita ce a ware rana ɗaya ko biyu a mako a dafa abubuwan da ke ɗaukar lokaci, kamar wake da romon nama ko na kaza da miyar tumatir, a rarraba su cikin ƙananan mazubai, abin da za a ci cikin kwana biyu ko uku ya shiga firji, sauran a daskarar. Da waɗannan a hannu, abincin dare ba ya wuce minti ashirin: a ɗora shinkafa ko dankali, a soya kayan lambu sama-sama, a ɗumama abin da aka tanada. Ƙwai kuwa shi ne mai ceton ranar da komai ya ƙure.

Ba sai an auna komai da sikeli ba. Ya isa a dubi faranti a ga kusan rabinsa kayan lambu ne, kwata hatsi ko dankali, kwata kuma nama ko kifi ko ƙwai ko wake. Hatsi da wake idan sun haɗu suna cike wa juna giɓin furotin, shi ya sa al'ummomi masu nisa da juna suka dace a kan wannan haɗi ba tare da sun yi shawara ba. Ƙarfen jini da ke cikin wake da ganye ya fi shiga jiki idan aka ci shi tare da abu mai bitamin C kamar tumatir ko lemo, shayi kuma yana rage shigarsa, don haka ya fi dacewa a jinkirta shayin zuwa bayan cin abinci da kamar sa'a guda. A ganina, gidan da ya iya girki biyar ko shida masu sauƙi yana juya su ya fi wanda ya sayi littattafan girki goma ya jera a kanta.

Kayan lambu na daskare ko na gwangwani sun yi daidai da sabbi?

Na daskare sun yi, sau da yawa ma sun fi waɗanda suka yi kwanaki a hanya, domin ana daskarar da su jim kaɗan bayan girbi. Na gwangwani ma suna da amfani, sai dai a tsiyaye ruwan a ɗauraye su don a rage gishirin.

Yaya ake ajiye ragowar abinci ba tare da ya zama cuta ba?

Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Selsiyos, don haka dafaffen abinci kada ya wuce sa'a biyu a waje kafin ya shiga firji, idan ana tsananin zafi ma ƙasa da haka. Babbar tukunya tana daɗewa ba ta huce daga ciki ba, shi ya sa ake raba abincin cikin mazubai marasa zurfi. Shinkafa tana buƙatar kulawa ta musamman, saboda akwai wata bakteriya da ke tsira daga tafasa, wadda idan shinkafar ta kwana a waje take fitar da gubar da ɗumame ba ya kashewa. Idan za a ɗumama abinci, a bari ya yi zafi har tsakiyarsa yana tururi, kuma a ɗebi iya wanda za a ci maimakon a riƙa mayar da tukunya ɗaya kan wuta kullum. Nama da kaza su dahu har cikinsu ya haura digiri 70, kuma katakon da aka yanka ɗanyen nama a kansa kada ya taɓa abin da za a ci ɗanye sai an wanke shi da sabulu. Hanci ba abin dogaro ba ne a nan, domin abincin da ke ɗauke da ƙwayar cutar salmonela ba lallai ne ya yi wari ba.

Yarona ba ya cin kayan lambu. Me zan yi?

A ci gaba da ajiye masa kaɗan a gefen faranti ba tare da faɗa ko alkawarin alewa ba, domin yara da yawa sai sun ga abu sau goma ko fiye kafin su karɓe shi, kuma sun fi kwaikwayon abin da suka ga manya na ci fiye da abin da aka umarce su. Yaron da ya taya wanke karas ko ɓare wake yakan so ya ɗanɗana aikin hannunsa. Jariri kuwa nonon uwa zalla ya ishe shi har wata shida, daga nan a fara ba shi abincin gida mai laushi wanda aka ɗiba kafin a sa gishiri da sukari, a kuma guji ba ƙananan yara gyaɗa ko inabi ɗungurungum saboda shaƙewa.

Zan iya ciyar da karena ko kyanwata daga tukunyar iyali?

Daga kayan da suka shiga tukunyar, eh, amma daga tukunyar bayan an gama haɗa ta, a'a. Kusan kowace miya tana da albasa ko tafarnuwa da gishiri da mai da yaji, kuma waɗannan ko dai guba ne ga dabbar ko kuma nauyi ne ga cikinta. Abin da ya dace shi ne a ware kason dabba tun kafin a sa kayan ɗanɗano: tsokar nama ko kaza ko kifi da aka tafasa aka cire ƙashi, dafaffen ƙwai, 'yar shinkafa, karas ko kabewa. Kitse da fatar kaza da ake yawan jefa wa kare suna iya tayar masa da kumburin fankiriyas, gaɓar nan da ke fitar da ruwan narkar da abinci, ciwo mai zafi da kan kai ga kwanciya a asibitin dabbobi. Likitocin dabbobi sukan ce irin wannan ƙari kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na abin da dabbar ke ci a rana, matuƙar tana da cikakken abincinta na yau da kullum.

Waɗanne abubuwa ne na kicin ke zama guba ga dabbobi?

Albasa da tafarnuwa da danginsu suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa, ko ɗanyu ne ko dafaffu ko gari, kuma illar ba ta bayyana nan take, sai bayan kwanaki a ga dabbar ta yi laushi, dadashinta ya yi fari, fitsarinta ya yi duhu. Cakulan yana ɗauke da tiyoburomin wanda jikin kare ke jinkirin fitarwa, kuma baƙin cakulan ya fi mai madara haɗari nesa ba kusa ba. Inabi da zabibi suna iya tsayar da ƙodar kare, wani karen ma da 'yan ƙwayoyi kaɗan. Zailitol, abin zaƙin da ake sawa a cingam marar sukari da wasu man goge baki da wasu nau'o'in man gyaɗa, yana faɗar da sukarin jinin kare cikin ƙanƙanin lokaci, yana kuma iya lalata hanta. Sai kofi da shayi da barasa, da ƙullun burodi mai yis wanda ke ci gaba da kumbura a cikin tumbi. Kodayake ba abinci ba ne, ya cancanci a ambaci farasitamol, domin ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa, kuma mutane sukan ba ta da kyakkyawar niyya. Idan dabba ta ci ɗaya daga cikin waɗannan, a kira likitan dabbobi nan da nan, a faɗa masa abin da ta ci da yawansa da lokacin, kada a jira alamu, kada kuma a ɗura mata ruwan gishiri don ta yi amai.

Me ya sa ake cewa kyanwa ba ƙaramin kare ba ce?

Domin jikinta an gina shi ne a kan nama. Kare yana iya haɗa wani sinadari mai suna taurin (taurine) a jikinsa, yana kuma mayar da sinadarin karas ya zama bitamin A, kyanwa kuwa ba ta iya na biyun sam, na farkon ma ba ta yin isasshe, dole ta same su daga naman dabba. A 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano cewa ƙarancin taurin ne ke sa zuciyar kyanwowi da yawa ta buɗe ta yi rauni, kuma bayan kamfanoni sun ƙara shi a abincinsu cutar ta ragu ƙwarai. Rashinsa yana kuma makantar da ita a hankali. Saboda haka kyanwa ba ta rayuwa a kan shinkafa da romo, ko a kan abincin kare. Ɗanyen kifi na wasu nau'o'i yana rusa bitamin B1 a jikinta, hanta kullum kuma tana tara mata bitamin A har ƙasusuwan wuyanta su sandare. Wani abin da masu kyanwa ba su cika sani ba shi ne yunwa tana mata illa da wuri: idan ta yi kwana biyu ko uku ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse yana iya cika mata hanta, don haka ba a horar da ita da yunwa don ta karɓi sabon abinci.

A ba kyanwa madara?

Yawancin manyan kyanwowi ba sa narkar da sukarin madara, gudawa take sa su. Ruwa mai tsabta ya ishe su.

Idan na dafa wa dabbata nama da shinkafa kullum, bai wadatar ba?

Bai wadatar ba, ko da dabbar tana cinyewa tana lashe kwano. Tsokar nama tana da fosforas mai yawa da kalsiyam kaɗan, alhali jikin kare da kyanwa yana son su kusan daidai, kalsiyam ya ɗan rinjaya. Idan aka daɗe a haka, jiki yakan riƙa zaro kalsiyam daga ƙashi, kuma a jikin ɗan kwikwiyo mai tasowa sakamakon shi ne ƙafafu su lanƙwashe ko su karye da ƙaramin tsalle. A 2013 masana a wannan jami'a ta Davis suka auna tsarin girki 200 na abincin kare da aka samo daga littattafai da intanet, suka tarar kashi 95 cikin ɗari sun gaza a aƙalla sinadari ɗaya da jiki ke buƙata. Girkin gida ga dabba abu ne mai yiwuwa, har ma yakan zama dole ga mai ciwon ƙoda ko wadda wani abinci ke tayar mata da ƙaiƙayi, amma sai da tsarin da likitan dabbobi masanin abinci ya rubuta, wanda ya faɗi nauyin kowane abu da ƙarin kalsiyam da bitamin, kuma a bi shi yadda yake ba tare da musanya wannan da wancan ba. Wanda ba zai iya wannan ɗawainiya ba, cikakken abincin dabbobi na kamfani tare da ɗan ƙari daga kicin ya fi masa aminci, duk da cewa hakan ya yi kama da saɓa wa abin da aka faɗa a kan abincin mutane. Dalilin shi ne mutum yana cin abubuwa iri-iri a mako, giɓin yau gobe ya cike shi, dabba kuwa abin da aka zuba mata a kwano shi ne duniyarta.

Ɗanyen nama da ƙashi fa, tun da kakannin kare haka suke ci?

Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya zama tsinke mai huda hanji, ɗanye kuma yana karya haƙori ko ya toshe ciki. Ɗanyen nama yana iya ɗaukar salmonela da listeriya, kuma ko dabbar ba ta nuna ciwo ba tana yaɗa su ta miyau da kashi zuwa ga yara da masu juna biyu da tsofaffin gidan, wanda ya sa ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta fitar da matsaya a 2012 tana ba da shawarar a guje shi. Zancen kakanni ma yana da rauni: wani bincike daga Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin a 2013 ya nuna cewa karnuka suna da kwafi da yawa na ƙwayar halittar da ke narkar da sitaci fiye da kyarketai, alamar cewa dubban shekarun zama da manoma sun sauya musu ciki. Don haka dafaffen hatsi ba abokin gabar kare ba ne, kuma babu dalilin guje masa sai likita ya tabbatar cewa bai karɓi dabbar ba.

Yaya ake sauya wa dabba abinci, kuma ta yaya zan san tana cin daidai?

A yi shi cikin kusan mako guda, a fara da kwata na sabon a cikin tsohon, a riƙa ƙarawa duk bayan kwana biyu, ana lura da kashinta. Game da yawa kuwa, hannu ya fi ido: idan aka shafa gefen ƙirji ya kamata a ji haƙarƙari ba tare da an danna ba, idan an duba daga sama kuma a ga ƙugu ya ɗan shiga.

Zomo da tsuntsaye su ma haka dokar take?

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Zomo busasshiyar ciyawa ce ya kamata ta zama mafi yawan abincinsa, domin haƙoransa ba sa daina tsiro kuma hanjinsa ba ya son tsayawa. Ganye ƙari ne, karas da 'ya'yan itace kuwa ɗan taɓawa ne saboda zaƙinsu, burodi da biskit ba nasa ba ne sam. Aku da danginsa idan aka tsare su a kan iri mai mai kaɗai, kamar gyaɗa da 'ya'yan furen rana, hanta takan yi kitse kuma su rasa bitamin A, saboda haka suna buƙatar ganye da kayan lambu masu launi. Fiya guba ce ga tsuntsaye da zomaye. Akwai kuma haɗarin da ba ya cikin kwano: kaskon da aka shafe cikinsa da sinadarin hana kamu, idan aka bar shi a wuta babu komai har ya yi zafi fiye da kima, yana fitar da hayaƙin da mutum ba zai ji ba amma yana iya kashe tsuntsu cikin mintuna, don haka kejin tsuntsu ba ya zama a kicin ko kusa da ƙofarsa.